Ranar da Yaya Ta Tura Tsoho Ƙasa

Jama'a a gyara tsayuwa. Mai rediyo ya rage murya, mai shayi ya ajiye kofi, na baya su daina turereniya. Ga ta nan tafe: mai ba da hannu a titin da babu kwalta, alƙaliyar ƙarafan sama, mai raba faɗan da ba a fara ba, babbar 'yar mai gyaran agogo, matar tela, uwar yara uku, mai kujera mai taya biyar da huɗu kawai ke juyawa. A ofis Malama ake ce mata. A gida kuwa Yaya ce, har maƙwabtan da suka yi jika da ita haka suke kiranta, don tun tana 'yar shekara goma fuskarta ta manya ce.

Ubanta yana da ɗan tebur mai gilashi a ƙarƙashin matakalar wani bene, kusa da tashar mota. Duk agogon da ya gyara ba ya miƙa wa mai shi sai ya kwana uku a aljihun tebur, kuma Yaya ce mai littafin. Kullum da safe ta gwada su da babban agogon bango, ta rubuta wanda ya yi gaba da sakan nawa, wanda ya yi baya da nawa. Sauran yara suna wasan 'yar tsana, ita tana kama agogo da ƙarya. Daga nan lissafi ya riƙe ta bai sake ba. Ta karance shi a jami'a, ta koyar da shi shekara tara a sakandare, har ƙurar alli ta sa mata tarin da ba ya jin magani. Sai ta ga talla a jarida: wani ƙaramin kamfani mai tauraron ɗan Adam guda ɗaya tak yana neman mai lissafi. Ta je, aka ɗauke ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Kada ku ji an ce tauraro ku ɗauka wani gini ne mai ƙyalli. Ɗaki biyu ne da banɗaki a hawa na uku, saman kantin katifa. A kan rufi akwai wani ƙaton faranti, irin na talabijin amma ya ninka shi goma, da shi suke magana da tauraron. Tauraron kuwa an gina shi don ya yi shekara biyar, yanzu yana ta goma sha uku, shi ya sa ma'aikata suke ce masa Tsoho. Hotunan gonaki da koguna yake ɗauka, ana sayarwa, mutum goma sha ɗaya suna ci da iyalinsu daga nan.

Aikin Yaya shi ne tsoro. Saman nan da kuke gani fayau, cike yake da bola: matattun taurari, gutsattsarin rokoki, har ƙusa da sukurori, kowanne yana zagaya duniya da gudun fiye da kilomita bakwai a sakan guda. Akwai wata babbar cibiya a ƙasar waje mai na'urorin hango, ita ke bin sawunsu. In ta ga wani abu zai gifta kusa da naka, sai ta aiko saƙo: rana kaza, ƙarfe kaza, tazara mita kaza. Amma ba wanda ya san takamaiman inda kowanne zai kasance, sai dai a ce yana tsakanin nan da can. Yaya ke ɗaukar saƙon, ta haɗa da nata alƙaluman, ta fitar da lamba guda: yiwuwar karo ɗaya ce cikin nawa. In ta kai ɗaya cikin dubu goma, sai ta cike takardar rahoto ta kai wa Oga. Yawancin saƙonnin da kansu suke mutuwa bayan kwana biyu, in an ƙara hango da kyau.

Inna, mahaifiyarta, har yau ba ta yarda ba duba 'yarta ke yi ba. In an tambaye ta sana'ar babbar 'yarta, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Tana dai aikin ofis. A taya mu da addu'a."

Ga inda matsalar take. Tsoho yana da ɗan inji da ake kunnawa a ture shi ya kauce, kuma man da ya rage masa na turi ɗaya ne, daga shi sai labari. Shi kuwa kullum yana zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar wando a ƙugun marar lafiya. An yi shekara biyu ana tattalin wannan mai don a tura shi sama a ƙarshen shekara, ya ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya, ko kafin nan a gama sabon tauraron da aka yi shekara shida ana cewa ana ginawa.

Ranar Litinin saƙo ya shigo: Laraba, ƙarfe uku da minti ashirin da shida na rana. Yaya ta buga lissafi, ɗaya cikin dubu biyu. Ta kai rahoto, Oga ya ce a jira na gobe, zai faɗa da kansa.

Talata da safe ya zama ɗaya cikin ɗari uku.

Sai ta duba lambar shaidar abin da zai gifta kusa da Tsoho. Ba bola ba ne. Tauraro ne mai rai, mai inji, na wani kamfani can wata uwa duniya. Duk mai wannan aiki ya fi son bola, don bola ba ta da ra'ayi, inda aka ce za ta bi nan za ta bi. Mai rai kuwa yana da mai shi, mai shi ma ya sami irin wannan saƙo, kuma yana iya kaucewa. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a nemi juna: wa zai matsa, wa zai tsaya, ina za a nufa.

Ta buɗe rajistar masu taurari, ta sami imel da lambar waya. Ta rubuta cikin ladabi. Minti ɗaya sai ga amsa, har ta ce alhamdu lillahi. Ashe na'ura ce: mai wannan adireshi ya bar aiki, a tuntuɓi wance. Ta rubuta wa wance. Na'ura ta ce babu mai wannan suna. Ta buga waya. Wata mata ta ɗauka, ana jin injuna suna kaɗawa a bayanta.

"Gidan wanki da guga, me za a wanke?"

"Don Allah kamfanin tauraro nake nema."

"Baiwar Allah, ke ce ta uku a bana. Shekara biyu da lambar nan a hannunmu. Muna wanke bargo, muna wanke labule. Tauraro dai ba a taɓa kawo mana ba."

Ta kira cibiyar hango. Wani saurayi mai sanyin murya ya ce su gargaɗi kawai suke yi, ba sa shiga tsakani, kuma sun aika wa ɗaya ɓangaren saƙo a adireshin da ke rajista. Ta ce adireshin matacce ne. Ya ce zai rubuta a kai. Ta tono wani tsohon hoton taro a intanet, ta ga mutane huɗu sanye da riga mai tambarin kamfanin, ta bi su ɗaya-ɗaya. Biyu shiru. Ɗaya ya ce ya bar su shekara uku, yanzu kiwon zuma yake yi, amma yana mata fatan alheri. Har aka tashi aiki ta aika saƙo goma sha tara, ta buga waya ta fi talatin, abincin ranarta yana cikin jaka ko buɗe shi ba ta yi ba.

Da yamma a gida ta zauna a falo, waya a cinya, tana taɓa ta duk bayan numfashi biyu. Maigidan yana bakin taga yana datse ƙafar wani wando. Inna ta zo ganin jikoki, tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Tsoho ne wani zai buge gobe."

"To a ce masa ya zauna a gida mana."

Maigidan ya tsayar da keken ɗinki yana dariya, da ya ga fuskarta sai ya haɗiye sauran. "Maman yara, ki ci wani abu. Ko ƙarfen ya fashe ai ba a kanki zai faɗo ba."

"A kaina zai faɗo," in ji ta. "Da ni da mutum goma."

Laraba ƙarfe bakwai da rabi tana ofis. Sabon saƙo ya shigo. Ta buga lissafi, ta goge, ta sake bugawa ta wata hanyar, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Ɗaya cikin ashirin da biyar. A shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ganin lamba mai muni haka ba.

Kuma lokaci ba nata ba ne. Ba a magana da Tsoho sai yana wucewa ta saman farantinsu, kuma wucewarsa ta ƙarshe kafin haɗuwar ita ce daga goma da minti arba'in da ɗaya zuwa goma da hamsin. Minti tara. Abin da ba a faɗa masa ba a nan, ba zai ji ba sai yamma, in yana nan.

Oga ya iso ƙarfe tara, ya karanta rahoton a tsaye. Mutum ne mai ƙiba da saurin zufa, ba mugu ba, amma ya fi son labarin da ke ƙarewa lafiya. Can sai fuskarsa ta washe.

"Malama, ai wannan sauƙi Allah ya kawo. Dama sama za mu tura shi a ƙarshen shekara. Mu tura yau. Mun kauce, mun kuma ƙara masa kwana. Direba, shirya umarni."

Direba shi ne mai aika wa Tsoho umarni, dogo, siriri, shekara goma sha uku yana tuƙa tauraro amma ko keke bai iya ba. Ya ja kujera yana murza yatsu. "Dama ai haka ake yi, Yallabai. Kowa sama yake kaucewa. Wane mahaukaci ne zai kai kayansa ƙasa da hannunsa?"

Yaya tana shirin zama, sai ta tsaya a rabin hanya.

"Me ka ce?"

"Na ce kowa sama yake..."

Ba ta jira ya ƙarasa ba. Ta koma kwamfutarta, ta ciro tarihin tsayin ɗaya tauraron na shekara huɗu, ta jera shi da ranakun da aka taɓa yi masa gargaɗi. Don sauri, sau biyu tana danna abin da ba shi ba. Gargaɗi mai tsanani bakwai. Sau biyar ya kauce, duka biyar ɗin sama, kuma ko yaushe a makare, saura 'yan awoyi. Sau biyu kuwa ko gezau bai yi ba. Ta auna yawan hawan da yake yi, ta gwada da abin da man Tsoho zai iya. Kusan daidai suke, kamar an auna da tef ɗin maigidanta.

Ta juya allon ya fuskanci Oga. "Yallabai, akwai mutum a can. Ba ya amsa saƙo, amma yana matsawa, kuma irinmu ne, mai tattalin mai. In muka hau shi ma ya hau, can sama za mu haɗu. Mu da kanmu za mu kai masa Tsoho."

Oga ya zaro hankici. "To madalla. Mu zauna inda muke, shi ya kauce."

"In ya kauce. Rabonsa da motsi wata goma sha huɗu. Wayarsu gidan wanki ce. Wataƙila mutumin yana nan, wataƙila shi ma zuma yake kiwo."

"To me kike so a yi?"

Ta san amsar tun tana jera ranakun. Ta kalli ƙofar ɗaya ɗakin. Masu tace hotuna sun bar aikinsu sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Akwai wadda ta dawo daga haihuwa wancan watan. Akwai wanda saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Ƙasa," in ji ta. "In ya hau mun yi nisa, in ya tsaya mun yi nisa. Ƙasa ce kawai hanyar da na tabbata babu kowa a kanta."

"Direba, in an tura shi ƙasa, kwana nawa ya rage masa?"

Direba ya sosa ƙeya. "Wata biyar, Yallabai. In Allah ya yi, shida."

Oga ya duba agogo. Goma da minti ashirin.

"Malama," in ji Oga, muryarsa ta yi laushi, abin da ya fi ihu ciwo. "Ke mai lissafi ce. Ɗaya cikin ashirin da biyar kika ce. Wato ashirin da huɗu babu abin da zai faru. Kina so in rufe ofis, in sallami mutanen nan, saboda ɗaya?"

"Yallabai, da an ce maka cikin motoci ashirin da biyar a tasha ɗaya ba za ta isa ba, za ka sa 'yarka a ciki?"

"Ba 'yata ba ce, ƙarfe ne."

"In ya fashe ba ƙarfe ɗaya ba ne, dubbai ne, kuma a hanyar kowa za su zauna shekara da shekaru. Duk wanda suka buge bayan nan, sunanmu za a kira."

"Sunan kamfanin da ya rufe? Su kira mana!"

Mai jegon ta ce daga bakin ƙofa, "Malama, don girman Allah ki sake dubawa. Ko sau ɗaya."

Ta sake dubawa, don ta roƙe ta. Lambar ba ta motsa ba. Yaya ta ji tarin nan nata na alli yana taso mata, ta danne shi. Da akwai wanda zai nuna mata kuskure a lissafin nan, da ta durƙusa ta gode masa. Ta sake buga lambar gidan wankin, don kawai hannunta ya rasa abin yi, ta kashe kafin a ɗauka.

Goma da talatin da takwas. A kan rufi aka ji farantin ya fara juyawa yana kuka, yana neman inda Tsoho zai ɓullo.

Takardar rahoton tana da gurbi biyu a ƙasa. Na farko na mai lissafi ne, ta rubuta shawararta ta sa hannu. Na biyu na shugaba ne, ya zaɓi ya amince ko ya ƙi, shi ma ya sa hannu, kuma kwafi yana tafiya cibiyar hango. Shekara goma sha ɗaya Oga yana sa hannu a nan ba tare da ya karanta ba. Yaya ta rubuta kalma ɗaya, ta sa hannu, ta tura masa takardar da biro.

"Ba na iya tilasta maka, Yallabai. In zama za a yi, ga gurbin ƙi nan. Ka sa hannu cewa na gaya maka."

"Ya shigo," in ji Direba. "Ina jin sa. Minti tara."

Oga ya riƙe biron kamar an ba shi garwashi. Ya kalli gurbin ƙi. Ya kalli mutanen bakin ƙofa, suka sunkuyar da kai. Ya ce wa Yaya ita ba ta da imani. Ya ce tun ranar da aka ɗauke ta bai taɓa jin labari mai daɗi daga bakinta ba. Direba ya ce saura biyar. Oga ya tambaya ko za a iya tura rabi, Direba ya ce injin in an kunna shi ba ya tsayawa sai man ya ƙare, kuma saura uku da rabi, kuma umarnin kansa yana cin minti ɗaya.

Oga ya sa hannu a gurbin amincewa, da ƙarfin da biron ya huda takardar. Direba ya danna. Da Tsoho ya amsa cewa ya karɓa, saura sakan arba'in ya ɓace a bayan duniya.

Babu wanda ya yi aiki a ranar. Ƙarfe uku da ashirin da shida ta zo ta wuce, ba a ji komai ba, don abin can saman wani teku yake faruwa, inda ba su da ido ba su da kunne. A ƙasa masu katifa suna ta ciniki. Yaya tana kan kujerarta ba ta tashi ba, ba kuma wanda ya yi mata magana. Sai shida da 'yan mintoci farantin ya sake juyawa. Direba ya manna abin ji a kunne, ya rufe ido. Minti ɗaya. Biyu.

"Yana nan," in ji shi. "Ɗan banzan yana nan, lafiyarsa ƙalau."

Wani ya yi tafi sau biyu, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

Ranar Juma'a sabbin alƙaluman cibiyar hango suka fito. Ɗaya tauraron ya kauce, saura awa biyu, kuma sama ya yi. Yaya ta buga lissafin da babu wanda ya sa ta: da sun bi shawarar Oga ta farko, da tazarar ba ta kai tsawon motar bas ba. Ta kai masa. Ya duba, ya ce, "Da kuma mun zauna fa?"

"Da ba abin da ya same mu."

"To."

Wannan "to" ɗin shi ne duk godiyar da ta samu. A ofis an manta da maganar hawa sama, maganar zama kawai ake tunawa. Mai jegon tana gaishe ta, amma ba ta ƙara kawo mata hoton jaririn ba. Mutumin can kuwa, ko wane ne, har yau bai amsa ko ɗaya cikin saƙonninta ba. Tsoho yana ta zamewa, Direba yana rubuta tsayinsa a allo kullum da safe, kowa yana wucewa kamar bai gani ba. Saƙonnin gargaɗi ba su daina zuwa ba, Yaya kuma ba ta daina lissafa su da cike rahoto ba, ko da yake yanzu in lambar ta yi muni babu abin kunnawa, sai dai a rubuta wa mai ɗaya tauraron a roƙe shi.

Ƙanenta, mai wannan rubutu, ya same ta a gida ranar hutu, zaune a ƙasa cikin tsofaffin takardun shaidarta na koyarwa, tana ware waɗanda za ta kai a yi musu kwafi. Ya gyara murya, ya miƙa mata biro a baki kamar makirufo, ya ce al'ummar duniya da jikokin da ba a haifa ba suna son su ji daga bakin gwarzuwar: a daidai sakan ɗin da ƙarafan nan biyu suka gifta juna a sararin Ubangiji, me ta ji?

Ba ta ɗago ba.

"Yunwa," in ji ta. "Ɗaga ƙafarka, kana taka min takarda."